Takubban Baƙin Rami

A zamanin da Gazama ke cin ƙasashe, akwai wata 'yar ƙasa can cikin duwatsu ana ce mata Kurgu. Duk inda ka juya daga kan tsaunukanta, gabas ko yamma, kudu ko arewa, ƙasar Sarkin Gazama kake hange. Ba ta da kogin da kwalekwale zai bi, ba ta da hanyar fatake sai ɗaya, wani matsattsen kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu da suke kira Maƙogwaro. Ta nan gishiri ke shiga, ta nan ƙarfe ke fita. Abin da Allah ya ba Kurgawa shi ne tama da zuma da acca, da wani irin sanyi mai shiga ƙashi wanda mutumin fadama bai san da shi ba. Ya kuma ba su taurin kai, wannan kam har ya yi musu yawa.

Tun kakanni akwai amana tsakanin ƙasashen biyu. Kurgu na kai wa Gazama ƙarfe duk kaka, tana kuma ba da yarima mai jiran gado ya girma a fadar Gazama. Ita kuwa Gazama ba ta naɗa wa Kurgu sarki, ba ta sa baki a shari'arta, kuma Sarkin Kurgu ba ya zuba ƙasa a ka gaban kowa.

Wanda ya karya amanar nan shi ne Ƙaura Nomau, shugaban mayaƙan Gazama, mutum mai ƙaton jiki da gajeren tunani. Wata shekara ya zo karɓar ƙarfe a bakin Maƙogwaro, girman kai ya ɗebe shi, ya ce sai Sarki Barmo na Kurgu ya durƙusa ya zuba ƙasa a ka. Barmo ya dube shi ya ce, “Ubana bai yi wa uban gidan ubanka ba, ni ba zan fara a kanka ba.” Ƙaura ya soke shi da mashi a gaban 'yan dakonsa, ya kwance takobin Barmo ya rataya a kafaɗarsa, ya ce baɗi a ninka ƙarfen. Da labari ya kai wa Sarkin Gazama, sai ya ce ƙaddara ce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Al'adar Kurgu ita ce, in sarki ya mutu da jini, kife tambari ake yi. Ba a buga shi, ba a naɗa sabon sarki, sai wanda ya zubar da jinin ya bi shi. Kafin nan ƙasa tana hannun Magajiya. Magajiyar lokacin kuwa ita ce Ayashe, yayar Barmo uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗan Barmo ta goya, wanda uwarsa ta rasu wurin haihuwarsa, aka sa masa Cindo saboda yatsa na shida da ya zo da shi a hannun dama. Yana fara famfarar haƙora Gazamawa suka zo suka tafi da shi bisa amana, kuma yanzu ga shi har ya aje gemu a can. Ayashe ba ta yi kuka ba ranar da aka shigo da gawar ƙanenta. Abu ɗaya ta sa a gaba: Ƙaura ya mutu, a ɗaga tambari, Cindo ya dawo ya hau gadon ubansa.

Da aka share makoki ta tara majalisa a zauren da tambarin ke kife. Madawaki, mai riƙe da rundunar Kurgu, shi ya fara magana, idanunsa jawur.

“Ranki ya daɗe, ki ba ni izini kawai. Gobe mu sauka fadama, mu ƙone rumbunansu, mu ɗauko kan Ƙaura ko mu bar namu a can.”

Galadima Tunau, tsoho mai sanyin magana, ya girgiza kai. “Namu za mu bari, Madawaki. Dawakinsu sun fi awakinmu yawa. Allah ya ja zamaninki, in sun toshe Maƙogwaro ba sai sun harba kibiya ba, rashin gishiri kaɗai ya ishe mu. Kada kuma mu manta Yarima yana hannunsu.”

“To, sai mu zauna mu ninka musu ƙarfe?” in ji Madawaki.

“Ƙwarai za mu ninka,” in ji Magajiya. Ta juya wajen Sarkin Maƙera, wanda ke zaune daf da ƙofa. “Sarkin Maƙera, Baƙin Rami yana nan a rufe?”

Ya ɗago kai a firgice. “Yana nan, uwar ƙasa. Tun zamanin kakana ba a sa masa diga ba.”

“A buɗe shi.”

To, sai na tsaya in gaya muku abin da Baƙin Rami yake, don ba kowa ne ɗan Kurgu ba. Ramukan tama a ƙasar suna da yawa, duk masu kyau, in ban da wannan. Ƙarfensa ya fi na ko'ina sheƙi, ya fi kaifi, in da zafi ba ka gane aibinsa. Amma da sanyin tsauni ya kwana a jikinsa, sara ɗaya sai ya karye kamar busasshen karan dawa. Hanyar gane shi ɗaya ce. Ka ƙwanƙwasa shi da farce ka kai kunne: ƙarfen kirki yana ja da amo mai tsawo, na Baƙin Rami kuwa ƙwas yake yi ya mutu. A Kurgu ba darasi ba ne wannan, uwa ce ke nuna wa ɗanta ran da ta fara aikensa sayen allura. Gazamawa kuwa, Allah sarki, da ido suke sayen takobi. In yana walƙiya, ya gama yi musu.

Sarkin Maƙera ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. “Uwar ƙasa, ki yi mini rai. Maƙerin Kurgu yana rantsuwa a kan uwar maƙera cewa ƙarfen nan ba zai fita daga hannunsa zuwa hannun ɗan Adam ba. Sunanmu ne abincinmu. In muka yi wannan, wa zai sake sayen fartanyar Kurgu?”

“Wanda ya rantsar da kai Sarkin Kurgu ne,” in ji Ayashe. “Ina yake? Je ka tona shi ka tambaye shi, in ya hana na hanu. Ba ɗanyen ƙarfe za mu kai musu ba wannan karon, kada maƙeransu su taɓa shi. Takubba za ku ƙera, da kawunan masu, ku goge su har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ƙaura ya ce mu ninka. Ina so duk namijin da ke Gazama ya jefar da tsohon takobinsa ya rataya namu.”

Madawaki ya fara murmushi. Galadima bai yi ba.

Duk daminar nan hayaƙi bai ɗauke daga kan tsaunukan Kurgu ba. Mata na dakon tama, maza na zuga, maƙera na duka suna kau da kai don kada su ji amon abin da suke ƙerawa. Da kaka ta yi, aka jera kaya a bakin Maƙogwaro. Galadima da kansa ya kai, ya durƙusa gaban Ƙaura ya ɗebi ƙasa ya zuba a kan furfurarsa, don haka Magajiya ta umarce shi. Ƙaura ya zaro takobi ɗaya ya ɗaga a rana, hasken ya kashe masa ido, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ashe Kurgawa sai an kashe musu sarki suke hankali. Shi dai bai sauya nasa ba. Na Barmo ya riƙe, don ya riƙa nuna wa mutane.

Ayashe ta jira. Aka gama girbin acca, ruwan randa ya fara gagarar hannu da safe, tsofaffi suka daina nisa da murhu. Sai ta sa aka kira mata malamin duba ya buga ƙasa. Ya daɗe yana zane yana sharewa, sannan ya ce, “Ranki ya daɗe, na ga Maƙogwaro cike da gawar mutanen fadama. Na ga Ƙaura a ɗaure gabanki. Amma na saurara, ban ji tambari ba.”

“Kunnenka ya tsufa, malam,” in ji ta. Ta sa aka ba shi zuma ya tafi.

Washegari ta kira Jakada gaban majalisa, ta miƙa masa ƙoƙo cike da ƙasa. “Wannan daga kan kabarin Barmo na ɗebo ta. Ka kai wa Ƙaura a tsakiyar fadar uban gidansa. Ka ce Ayashe ta ce ga ƙasar da ya nema, in shi ɗa ne ya hawo Kurgu, ta zuba masa ita a ka da hannunta. Ka ce wa Sarkin Gazama amana ta mutu tare da Barmo.”

Galadima ya gyara zama. “Allah ya taimake ki, Yarima fa? In sun huce a kansa?”

“Ba za su taɓa shi ba. Na san Ƙaura. Zai taho da shi ne don ya ɗora shi a kan gado ya riƙa juya shi. Jakada, ka san yadda za ka yi ka ga Yarima. Ka ce gwaggonsa ta ce ranar yaƙi ya tsaya a baya cikin masu kaya, mutanenmu za su zo su ɗauke shi.”

“Zancen ƙarfen fa?” in ji Galadima. “A gaya masa.”

“A'a. Yaro ne, kuma a can ya girma, yana da abokai a cikinsu. Ya tausaya wa ɗaya, zance ya fita, mun hallaka gaba ɗaya. Kuma me za a gaya masa? Ɗan Kurgu ne, Galadima. Ko cikin barci ya taɓa ƙarfen Baƙin Rami zai gane shi.”

Duk zauren suka gyaɗa kai, har da Galadima. Ni kuwa nan ne nake jin haushinsu, dattawa cike da zaure, ba wanda ya tuna shekarun yaron ranar da ya bar tsauni. Abin da kowa ya sani tun yana tsumma, ba ya zuwa ran mutum cewa koya masa aka yi.

Jakada ya je ya dawo da ƙyar, bayansa duk shatar bulala. Ya ce Ƙaura ya yi ta ruri kamar bijimi, Sarkin Gazama ya ba shi runduna duka. Ya ce ya ga Yarima a bayan barga, dogo, fuskar Barmo sak. “Na isar da saƙo, ranki ya daɗe. Ya ce in gaya wa Gwaggo yana gaishe ta, kuma kullum yana ganin takobin ubansa a kafaɗar wani.”

Ayashe ta juya fuskarta wajen bango na ɗan lokaci. Da ta juyo ta ce wa Madawaki, “Ka sa a sare duk itacen da ke cikin Maƙogwaro, har kirare kada a bari. A kwashe a hawo da su.”

Gazamawa suka iso da la'asar, dawaki da 'yan ƙasa, sababbin takubba na walƙiya har ana hangen su daga kan tsauni. Madawaki ya bar su suka shige Maƙogwaro sosai, sannan ya sa aka gangaro da duwatsu aka toshe gabansu. Ƙaura ya ce ba komai, a kwana nan, da safe a buɗe hanya. Suka nemi itacen jin ɗumi, babu ko tsinke. Haka suka kwana cikin iskar da ke bin kwazazzabon, mutane na rawar ɗari, ƙarfe na shan sanyi a cikin kube.

Gari na wayewa, tun rana ba ta leƙo cikin kwazazzabon ba, aka busa ƙaho daga sama. Kurgawa suka gangaro ta ko'ina. Madawaki ya riga ya gaya musu kada su nemi jikin mutum da farko, takobinsa za su nema. Suka zo da kulake da gatura da tsofaffin takubbansu baƙaƙe marasa sheƙi. Bagazame ya kai sara, Bakurge ya tare, sai ka ji ƙwas, mutum ya tsaya yana kallon ƙota a hannunsa. Kan mashi ya bugi garkuwa ya tarwatse. Wani barde ya zaro takobi na biyu daga gawar ɗan'uwansa, shi ma ya karye. Kafin a jima ihu ya tashi a cikinsu cewa Kurgawa sun yi tsafi, ƙarfe ba ya cin su. Na gaba suka juya, na baya suna turowa, dawaki suka hau kan mutane. Kurgawa kuwa kowane sara sai su ambaci sunan Barmo.

Magajiya tana bisa wani faffaɗan dutse tana kallo, lulluɓe da gwado, Galadima na gefenta. Tun farkon artabu ta hangi wata hatsaniya can tsakiya, gindin tutar Ƙaura, inda Kurgawa ba su kai ba tukuna. Ta yi dariya, dariyarta ta farko tun mutuwar ƙanenta.

“Dubi, Galadima. Sun fara cin junansu.”

Da rana ta take tsaka an gama. Wanda ya tsira daga Gazamawa ya tsira ne da ƙafarsa, ba takalmi ba rawani. Ayashe ta sauko bakin Maƙogwaro, daidai inda Barmo ya faɗi, aka shimfiɗa mata buzu. Aka jawo Ƙaura Nomau a ɗaure, jini na bin wuyansa daga wani rauni marar zurfi. Madawaki ya ajiye takobin Barmo a gabanta. Ta ɗauki ƙoƙon ƙasa, irin wanda ta aika, ta tashi ta juye masa a ka a hankali, har ya shiga idanunsa da bakinsa. Kurgawa suka yi sowa, mata suka rangaɗa guɗa daga kan duwatsu.

“Na cika alkawari, Nomau,” in ji ta. Ta juya. “Madawaki, ina ɗana? A kawo shi ya ga wannan.”

Madawaki ya ce mutanen da ya tura wajen masu kaya sun duba ko'ina, ba su gan shi ba.

Ƙaura ya tofar da ƙasa, ya ɗago kai. “Cikin masu kaya kike nemansa? Ashe ba ki san ɗan da kika goya ba, tsohuwa. Shi ya roƙa a sa shi kusa da ni. Ranar da za mu taso, Sarki ya zaɓi wanda ya fi kyau cikin takubbanku ya rataya masa da hannunsa, ya ce ɗan Kurgu ya dace da ƙarfen Kurgu. Yaron har murna ya yi. Ƙahonku na tashi ya juyo kaina, ya kira sunan ubansa, ya sare ni nan.” Ya karkata wuyansa ya nuna raunin. “Wallahi saran namiji ne. Da takobin kirki ne a hannunsa, da kaina ya riga ni zuwa gabanki. Ya bugi bakin sulkena ya karye. Nawa bai karye ba. Kin san ko na wane ne.”

Ayashe ta dubi takobin Barmo da ke gabanta, ta ga jinin da ke jikinsa bai gama bushewa ba.

“Ƙarya kake,” in ji ta, amma muryar ba tata ba ce.

Aka je gindin tuta aka ɗauko shi a kan garkuwa. Ba ta san fuskar ba, rabonta da ita tun yana da giɓi. Hannun ta duba. Yatsu shida, sun damƙe ƙotar takobi gam, da ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi a jikinta. Ta durƙusa, ta kai farce ta ƙwanƙwasa guntun.

Ƙwas.

Duk wanda ke wurin ya ji, kuma duk wanda ke wurin ya gane, har matan da suka sauko da ruwa. Sarkin Maƙera ya rufe fuskarsa da hannun riga. Galadima ya zauna a ƙasa.

“Ban taɓa aikensa sayen allura ba,” in ji Ayashe, ba da kowa take ba. “Ɗan sarki ne, na ce ba zai je kasuwa ba. Na ce in ya ƙara girma zan nuna masa.”

Ta daɗe a durƙushe, tana riƙe da hannun. Sannan ta miƙe, ta ɗauki takobin Barmo ta miƙa wa Madawaki, ta nuna Ƙaura da haɓa. Madawaki bai sara sau biyu ba. Babu wanda ya yi sowa wannan karon.

Da yamma suka hau gida da gawar Yarima. A ƙofar zaure Sarkin Tambura ya tare ta, ya faɗi ya yi gaisuwa, makaɗansa na bayansa da gulaye a hannu.

“Uwar ƙasa, wanda ya zubar da jinin sarki ya bi shi. Al'ada ta cika. A ba mu izini mu ɗaga tambari.”

Ayashe ta dubi tambarin inda yake kife, yanar gizo ta ɗaure shi da ƙasa.

“Wanda ya kashe Barmo ya mutu,” in ji ta. “Wadda ta kashe Cindo ga ta tsaye gabanka. Bar shi a kife.”